Tsohuwar da Ba Ta da Kowa

Direba ake ce masa a asibitin, ko da yake bai taɓa riƙe sitiyarin mota ba tun da uwarsa ta haife shi. Motarsa gado ne mai taya, wanda ake ɗora marar lafiya a tura shi ɗakin tiyata, ko wurin ɗaukar hoto, ko kuma wancan wurin da ba a son ambata. Wata nas mai tsokana ce ta laƙaba masa sunan a shekararsa ta farko, da ta ga yadda yake shan kwana a baranda ba tare da ruwan da aka rataya wa marar lafiya ya girgiza ba. Nas ɗin ta yi ritaya tuni, sunan kuwa ya zauna daram. 'Ya'yansa ma in an tambaye su aikin ubansu sai su ce direba ne, shi kuma ba ya gyara musu.

Dogo ne mai wushirya, magana ba ta dame shi ba. Ubansa ya rasu yana goye, yayyensa duka sun bi uban tun suna ƙanana, sai ya rage daga shi sai Inna. Da wankau ta raine shi, tana bi gida-gida tana karɓo kayan mutane, har sabulu ya cinye mata zanen yatsu. Auta take kiransa, kuma ba ta fasa ba har furfura ta fito masa. Da ya samu aiki aka ba shi ɗaki biyu a gidajen ma'aikata, ya yi juyin duniya ta dawo wurinsa, ta ƙi. Ta ce ɗakinta na can ƙarshen gari ya ishe ta, kuma ita warin asibiti tayar mata da zuciya yake yi. Saboda haka a duk shekarun da ya yi yana tura gado, babu ma'aikaci ɗaya da ya taɓa ganin fuskar uwarsa.

Turancin Direba bai taka kara ya karya ba, amma akwai kalmomi uku da ya sani kamar yunwar cikinsa, domin a kati ake rubuta su da jan alƙalami a rataya a kan gadon marar lafiya. Mai rubuta su jami'in ofishin jin ƙai ne, wani ramammen mutum da kowa ke kira Mai Tabarau. Shi ya taɓa bayyana wa Direba bambancinsu wata rana da wuta ta ɗauke suka maƙale tare a cikin lif.

"Poor, wannan kowa ne," in ji shi. "Ni poor ne, kai poor ne. In muka ce za mu yi wa poor magani kyauta, sai mu sallami marasa lafiya mu hau gadajen da kanmu. Indigent shi ne mai dangi, amma dangin ba su da abin yi masa. Wannan sai kwamiti ya zauna a kansa. Destitute kuwa ba gida, ba kaya, ba kowa. Ba wanda zai zo ya ce nawa ne."

Mu a Hausa muna da talaka, muna da matalauci, da faƙiri, da miskini, da matsiyaci in an tashi zagi. Amma duk cikinsu babu wadda ta raba mutum da danginsa. Matsiyaci ma yana da kawu, ko da kawun ɓuya yake yi in ya hango shi. Ita kuwa wannan kalma ta uku, yadda ake aiki da ita a asibitin nan, ba aljihun mutum kaɗai take lalubawa ba, har bayansa take leƙawa ta ga ko akwai mai tsayawa. In babu, sai ƙofofi su buɗe. Akwai wani asusu na masu taimako da ke ɗaukar nauyin irin waɗannan, daga allura har tiyata, ba jiran kwamiti, ba je-ka-ka-dawo.

Sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Asibitin na koyarwa ne, yana manne da makarantar likitoci. Mai katin destitute ba ya cewa a'a in ɗalibai suka kewaye shi suna latsa shi. In ya warke, ya tafi abinsa. In kuma kwana ya ƙare, akan ajiye gawar a mutuware na ɗan lokaci ko wani zai fito, in shiru ta yi yawa sai a miƙa ta makarantar likitoci a koyi aiki da ita. Ba wanka, ba likkafani, ba kabarin da wani zai nuna. Direba ne ke kai su. Ya kai da yawa, kuma gaskiyar magana abin bai taɓa hana shi cin abincin rana ba. Cewa yake yi a ransa, ai ba su da kowa, wa zai ji zafi?

Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: mai wannan kati ba ya da mai ziyara. Duk ranar da dangi suka ɓullo, an cire katin ke nan, magani ya tsaya. In kuwa aka gano da hannun ma'aikaci a ciki, to ya ɗauki tabarmarsa. An taɓa yi da wata mai shara da ta shigo da ƙaninta a haka. Direba da kansa ya tura ƙanin zuwa bakin ƙofa, da audugar da aka danne wurin allura har lokacin a hannunsa, yayar tana biye da ƙunshin kayanta a ka.

Ciwon Inna a hankali ya shigo, irin shigowar ɓarawon da ya san gida. Da farko abinci ne ya daina zama mata. Daga nan ta fara ramewa ta sama, ciki kuwa yana tasowa. Ta ɓoye iya ɓoyewa da manyan riguna, har ranar da Direba ya je gaishe ta ya tarar ta kasa sunkuyawa ta ɗauki buta. Ya kai ta wani ƙaramin asibiti na unguwarsu. Likitan ya taɓa, ya sake taɓawa, sannan ya ja Direba gefe ya ce ƙari ne, sai an yi aiki, kuma ba abin jira ba ne. Abin da ya ce aikin zai ci, ko Direba ya sayar da kansa ba zai kawo shi ba.

Washegari ya leƙa ofishin jin ƙai, yana murza hularsa a hannu.

"Yallaɓai, wata maƙwabciyarmu ce ba lafiya. Tsohuwa. An ce sai tiyata."

"Tana da 'ya'ya?"

"Ɗaya. Amma shi ma sai a hankali."

"To indigent ce. Ya kawo ta a sa ta a layi."

"Yaushe kwamitin zai zauna?"

Mai Tabarau ya zare tabarau ya goge da gefen rigarsa. "Direba, kai baƙo ne a gidan nan? Waɗanda aka sa a layi tun bara, nawa ka tura tiyata, nawa ka tura ƙasa?"

Direba ya san amsar. Ƙasa a bakin ma'aikata mutuware ke nan.

Ba shi ya kawo shawarar ba, kuma wannan ne abin da ya riƙa faɗa wa kansa daga baya. Labari kawai yake ba Inna, yana zaune bakin katifarta, yana ƙorafin yadda marar kowa ya fi mai ɗa gata a wurin aikinsa. Ta saurara har ya gama. Inna mace ce da wahala ta koya wa lissafi, ba ta ɓata lokaci wurin kuka.

"A can wa ya san ni?" ta ce.

"Ba kowa."

"To ai shi ke nan."

"Inna, me kike nufi?"

"Abin da ka ji. Bakina ne zai ce ba ni da kowa, ba naka ba. Zunubin a kaina."

Ya ce ba zai iya ba. Ta ce shi da ya iya kallonta tana kumbura, wannan ne zai gagare shi? Matarsa da ya gaya mata, ta dafe ƙirji ta ce wannan abu ba ya ƙarewa lafiya, a bari a nemi taimako wurin mutane. Ya tambaye ta waɗanne mutane, ta rasa sunan da za ta kama. Abu ɗaya ne bai gaya wa kowa a cikinsu ba, wato inda ake kai mai wannan kati in bai tashi ba. Ya ce a ransa Inna za ta tashi, don haka maganar ba ta da amfani.

Da sassafe ya ɗauko ta a tasi. Suka sauka nesa kaɗan da asibitin. Ta cire 'yan kunnenta ta damƙa masa, ta tuɓe takalmi ta ce ya tafi da su, marar kowa ba ya zuwa da takalmi mai kyau. Ya zaunar da ita jikin katanga kusa da babbar ƙofa, ya zagaya ta ƙofar ma'aikata, ya sa rigar aikinsa. Bai daɗe ba ya ji mai gadi yana kira daga tsakar gida, wai Direba ya kawo keken marasa lafiya, an yar da wata tsohuwa a bakin ƙofa.

Ya turo ta har gaban teburin Mai Tabarau. Ya juya zai fita, sai jami'in ya ce ya tsaya.

"Da alama kunnenta ya yi nauyi, ni kuma muryata ba ta fita yau. Matsa kusa ka tambaye ta. Tana da gida?"

Direba ya sunkuya. "Baba, wai kina da gida?"

Tun da yake bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Inna. Kalmar ta fito masa kamar ya tauna tsakuwa.

"Babu," in ji ta.

"Miji?"

"Ya daɗe a ƙasa."

"Tambaye ta ɗa fa. Ko jika, ko wani wanda za a nema."

Mai Tabarau ya ɗago kai yana jira. Inna ce ta ceci Direba, ta juyo ta dube shi ido cikin ido, irin kallon da take masa yana yaro in ya tsaya nuƙu-nuƙu a gaban baƙi.

"Kina da ɗa?" ya ce.

"Na haifa, ƙasa ta karɓe. Ba ni da kowa sai Allah."

Mai Tabarau ya jawo kati ya rubuta da jan alƙalami, ya miƙa wa Direba ya ce ya rataya mata in sun isa.

Gado na ƙarshe aka ba ta a ɗakin mata, jikin taga. Abin da aka yi alkawari kuwa an cika. Kafin azahar an ɗebi jini, an rataya ruwa, likitoci sun zo sun duba. Direba ya ga uwarsa a kan farin zanen gado, ana ba ta magani a kan lokaci, abin da bai taɓa iya yi mata ba da guminsa. Ya ji daɗi, kuma ya ji kunyar daɗin da ya ji.

Da safe ɗalibai kan zo garke guda, malaminsu ya yaye mata riga, su latsa cikin ɗaya bayan ɗaya suna Turanci a kanta. Ita da ko a gaban matarsa ba ta canza zane, sai ta kafa ido a silin har su gama. Da yamma in an buɗe ƙofa ga masu ziyara, ɗakin ya cika da kwanuka da flas da surutu, kowane gado da mutanensa. Gadon ƙarshe ne kaɗai ba kowa. Direba kan wuce da gadon turawarsa, wani lokaci ba wanda aka aike shi ɗaukowa, ya saci kallo ya wuce. Jikokinta suna can gidajen ma'aikata, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba, an ce musu kaka ta yi tafiya.

Ɗakin yana hannun wata babbar nas da ake kira Sista, mace mai jiki da ido kamar na shaho. Ba muguwa ba ce, amma a ɗakinta ko cokali ya ɓata sai ta san wanda ya ɗauka. Wata rana mai rabon shayi ta zo gadon ƙarshe za ta zuba sukari, Direba yana wucewa, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Kar ki sa mata, ba ta sha da sukari."

Sista tana rubutu a teburinta. Ba ta ɗago ba.

"Direba, yaushe ka zama mai kula da abincin marasa lafiya?"

"Jiya na ji ta faɗa, Sista."

"Ka ji ta faɗa." Sai a lokacin ta ɗago, ta dube shi, ta dubi tsohuwar. "Ka san kuwa wushiryarku iri ɗaya ce?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kama da wane ba ta wane, Sista."

"Haka ne," in ji ta, ta koma rubutunta. Daga ranar, duk sanda ya shigo ɗakin sai ya ji idonta a ƙeyarsa.

Wuri ɗaya suke samun magana da Inna, doguwar barandar da ke zuwa ɗakin hoto. A tsakiyarta akwai inda ba ofis ba taga, mutane ba su cika bi ba. Nan yakan rage tafiya, ya sunkuya kamar yana gyara mata zane, ta tambaye shi yara, ya tambaye ta jiki. Ana jibi za a yi aikin, suka iso wurin, bai kai ga sunkuyawa ba ta riga shi.

"Auta, an gaya min inda ake kai mu."

Ƙafafunsa suka tsaya da kansu.

"Ta gadon kusa da ni ce ta faɗa. Wai yanka mu ake yi a koya wa yara. Gaskiya ne?"

"Inna, za ki tashi."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ya ce gaskiya ne. Ta ɗaga ido sama tana kallon silin, leɓenta na motsi. Ya san tsoro a fuskar marasa lafiya, ya ga iri-iri, amma bai taɓa ganinsa a fuskar Inna ba sai ranar. Ya ce yanzu zai je ya faɗa, a cire katin, kome za a yi a yi.

"Ka faɗa su fasa aikin, su kore ka, ka kwashe min jikoki ku koma ina? Tura mu tafi, ana jiranmu."

Aka yi aikin. Shi ya tura ta ciki, shi ya turo ta waje, kuma tun daga saurin da aka yi ya gane. Wanda ya shekara da shekaru a ƙofar tiyata ya san aikin da aka yi da wanda aka buɗe aka rufe. Ya ji wani ƙaramin likita yana gaya wa Sista cewa abin ya riga ya bazu, sai dai a rage mata zafi. Ba wanda ya ja Direba gefe ya yi masa bayani, don ba a yi wa mai tura gado bayani.

Daga nan kullum sai ta ragu. Ta daina shan shayin ma. Fatarta ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, idanu suka faɗa. Direba ya daina barci, ya daina cin abin kirki, in yana tura wani sai ya tsinci kansa ya nufi ɗakin mata ba dalili. Yanzu katin ba ya saya mata kome sai allurar rage zafi, ga kuma abin da ke jira a bayansa. Tsoro ya kama shi, irin wanda ba ya barin mutum ya zauna wuri ɗaya.

Wata rana da rana tsaka ya shigo ya ga an ja labule an kewaye gadon ƙarshe. Ya san ma'anar labulen. Ya saki gadon da yake turawa a tsakiyar ɗaki, ya je gaban teburin Sista.

"Sista, tsohuwar nan uwata ce."

Ta ajiye alƙalami. Ta daɗe tana kallonsa, kuma abin da ya gani a idonta ba mamaki ba ne.

"Ka san abin da ka faɗa?"

"Na sani."

"Da ka yi shiru, da ni ma na ci gaba da rashin sani. Yanzu ka faɗa a gaban mutane, dole in kira shi."

Mai Tabarau ya zo da sauri, yana haki. Su uku suka shiga bayan labulen. Inna tana kwance, numfashi sama-sama, amma idonta biyu. Jami'in ya sunkuya, wannan karon da kansa ya yi tambayar.

"Baba, kin san wannan mutumin?"

Ta juyo da kai a hankali. Direba ya durƙusa ya kama hannunta, hannun nan da sabulu ya cinye.

"Inna, ki faɗa musu. Ba kome, na yarda. Ki faɗa musu in kai ki gida."

Ta dube shi, ta daɗe. Sannan ta zare hannunta daga nasa.

"Na san shi," ta ce. "Shi ke tura ni ɗaukar hoto. Yaron kirki ne, tausayi ne ya yi masa yawa. Allah ya yi wa uwarsa albarka."

"Ba ɗanki ba ne?"

"Na gaya muku tun ranar farko. Ba ni da kowa."

Ta rufe ido, ta juya fuska wajen taga. Mai Tabarau ya miƙe, ya sauke ajiyar zuciya kamar wanda aka ɗauke wa kaya. Ya ce to an ji daga bakinta, a gaban shaida. Ya ce wa Direba gajiya ce, aikin nan yakan taɓa mutum, ya je gida ya huta. Sista ta gyara wa tsohuwar filo ta fita.

Kafin a buɗe ƙofar masu ziyara Inna ta cika. Direba ba ya wurin, yana zaune a bayan ɗakin wanki da kansa cikin gwiwoyi. Wani abokin aikinsa ne ya kai ta ƙasa.

Saura kwanakin jira, waɗanda ake ba dangi ko za su fito. Direba ya koma ofishin jin ƙai. Mai Tabarau ya tashi ya rufe ƙofa da kansa, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ba ni da ikon ba ka gawar destitute don kana jin tausayi. Ɗa kaɗai zan ba. In kai ɗanta ne, sai ka tsaya gaban hukumar asibiti ka faɗa, ka kuma faɗi wanda ya ajiye ta a bakin ƙofa. Za su ba ka ita. Za su karɓi rigarka da makullin gidanka, asusun kuma zai kai ka gaban alƙali. Tsohuwar nan ta san haka, shi ya sa ta faɗi abin da ta faɗa. Ni ban ji kome daga bakinka ba yau. In ka dawo gobe ka maimaita, zan ji."

Ya koma gida. Matarsa ta yi kuka ta ce duk abin da ya yanke tana bayansa, amma tana faɗa tana kallon ƙofar ɗakin da yara suke. Gobe ta yi bai koma ba. Ya ce sai jibi, in ya samu inda za su zauna. Kullum da safe yakan sa rigar aiki da niyyar yau zai shiga ofishin, kullum sai ya wuce ƙofar yana tura wani. Ba wanda ya hana shi, kuma wannan ya fi kome ci masa rai. Haka kwanakin suka ƙare.

Ranar da za a miƙa ta, shi ke bakin aiki. Abokin aikinsa ya ce ya bari zai kai, Direba ya ce a'a. Ya ɗauko ta daga mutuware a lulluɓe, katin na ɗaure a ƙafarta, ya bi hanyar da ke ratsa bayan asibiti zuwa makarantar likitoci. Hantsi ne, rana ta fito sosai, ɗalibai suna wucewa da littattafai suna dariya. Bai taɓa tura gado a hankali irin na ranar ba. Duk inda siminti ya fashe sai ya ɗaga tayar da hannu ya tsallakar.

Mai karɓa a can wani tsoho ne da ake kira Baba Ƙanƙara, saboda ɗakin sanyin da ya ƙare rayuwarsa a ciki. Sun saba, sun yi shekaru Direba na kawowa yana karɓa, har wasa suke yi. Tsohon ya fito yana goge hannu, ya duba katin.

"Destitute?"

Direba ya riƙe ƙarfen gadon da hannu biyu.

"Tana da ɗa," ya ce.

Baba Ƙanƙara ya ɗago ya dube shi, ya ga idanunsa, ya ga yadda ya riƙe ƙarfen. Ya gyara lulluɓin inda iska ta ɗaga shi.

"Duk suna da shi," ya ce a hankali. "Duk waɗanda ka kawo min, tun farkon zuwanka. Kana tsammani da ƙafarsu suke zuwa bakin ƙofa da sassafe? Wasu 'ya'yan har nan suke biyowa, su tsaya can jikin bishiyar suna kallo, kai ne dai ba ka waiwaye."

Direba ya waiwaya. Ba kowa jikin bishiyar yau, domin ɗan yana nan riƙe da gadon.

"Saki, ɗana," in ji tsohon. "Ana jiran gadon a sama."

Ya saki.